Ɗanladin Surukata

Surukata ta dawo wurinmu da zama a Kafanchan a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Mijinta ya rasu da damina, bayan an gama girbin acca kuma maigidana ya je ƙauyensu, can kusa da Fadan Kaje, ya ɗauko ta. Ba da son ranta ta zo ba. Ta sauko daga mota da ƙullin kaya ɗaya, da tukunyar ƙasa wadda ta hana kowa ya riƙe mata, da 'yar fartanya. Na ce mata, "Mama, ai nan babu gona." Ta leƙa bayan gidanmu inda ciyawa ta cika, ta ce, "Wancan fa mene ne?" Kafin sati biyu ta share wurin ta dasa albasa da alayyafo, tana ba su ruwan wanke-wanke.

Ni da maigidana duka malaman firamare ne a lokacin. Muna haya a wani gida mai ɗaki biyu da falo, kusa da layin dogo, inda in jirgin kaya ya wuce sai kofuna su riƙa rawa a kan kabad. Ni 'yar wajen Gwantu ce, yarenmu daban da nasu, saboda haka Hausa ce ta haɗa ni da Mama. Hausarta irin ta kasuwa da coci ce, ba ta raba mace da namiji. "Kai" take ce mini, kuma Amarya take kirana, ko da yake na riga na shekara uku a gidan ɗanta.

Na san maigidana yana da ƙane wanda ya shiga soja lokacin yaƙin basasa bai dawo ba. Ban taɓa ganinsa ba, domin ya tafi tun kafin a fara maganar aurenmu. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo takarda ba. Maigida ya je Kaduna har sau biyu yana tambaya, ana tura shi daga wannan ofis zuwa wancan, ya dawo ba labari. Hoton yaron ɗaya ne a gidan, yana cikin Littafi Mai Tsarki na maigida, an rubuta sunansa na baftisma a baya. Wannan sunan na sani. In zancensa ya taso, maigida "ƙanena" yake cewa, ya kuma yi saurin canja magana. Mama kuwa ba ta zancensa ko kaɗan.

Wata ranar Lahadi muna dawowa daga sujada ni da ita, za mu tsallake layin dogo, sai ta tsaya.

"Amarya, ka ji?"

Ban ji komai ba. Ta nufi wani tarin tsofaffin katakai da ma'aikatan reluwe suka zubar, ta durƙusa da kayan cocinta, ta zura hannu ta jawo ɗan kwikwiyo. Ja ne, da fari a ƙirji, duk ƙuma ta cika shi, cikinsa ya manne da baya. Na ce ta bar shi, ba mu san abin da ke jikinsa ba. Ba ta ko dube ni ba. Ta kwance ɗankwalinta, wanda ni na saya mata sabo, ta naɗe shi, muka shiga unguwa tana tafe kanta a buɗe ranar Lahadi.

Ta wanke shi da ruwan ɗumi da toka, ta riƙa ɗiga masa kunu da cokali. A kwana na uku, na riga maigida dawowa daga aiki, ina shara na ji muryarta daga kicin.

"Ɗanladi, zo ka sha."

Na leƙa, ba kowa sai ita da kwikwiyon. Dariya ta kama ni. Na ce, "Mama, sunan mutum ne fa."

"Ran Lahadi na same shi," in ji ta. "In ba Ɗanladi ba, wane ne?"

Abin ya yi mini daɗi, na ga tsohuwa ta fara sakin jiki da mu har tana barkwanci. Da maigida ya dawo daga makaranta na tare shi tun daga ƙofa na ba shi labari ina dariya. Bai yi dariya ba. Ya tsaya da keke a hannu, ya ce, "Haka ta ce?" Na ce haka ta ce. Ya jingine keken ya shiga ɗaki, abincin rana ma kaɗan ya taɓa. Na ɗauka kunyar maƙwabta yake ji, don shi mutum ne mai gudun abin magana.

Abin maganar kuwa ya zo. A wajenmu sunan kare ba a banza ake sa shi ba, saƙo ne. Mace in tana da damuwa da maƙwabciyarta sai ta sa wa karenta Ƙyale-su, ko Me-na-yi, ko Za-su-gaji, kullum da safe ta tsaya a tsakar gida ta kira shi da ƙarfi, wadda aka yi domin ta kuma ta ji. 'Yan boko irinmu kan ce Bingo. Amma sunan mutum, irin wanda uwa ke kiran ɗanta da shi, ba wanda ya taɓa jin an ba kare. Saboda haka tambayar da aka riƙa yi a famfo da wurin niƙa ita ce, da wane Ɗanladi tsohuwar nan take? Garin kuwa cike yake da su. Mai gyaran kekenmu Ɗanladi ne. Akwai wani a cikin masu dako a tasha. A ajina kaɗai akwai uku, har sai da na hukunta wasu yara don suna yi musu haushi a filin wasa.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugarsu sau biyu a mako. Tun da karen ya fara girma ta daina shigowa, sai ta tsaya a ƙofa ta ce mu kama shi. Ranar da ta fara jin sunan, sauke ƙwaryarta ta yi ta rufe baki da hannu.

"Inna, mu ma muna ba shanu suna," ta ce wa Mama. "Kowace da nata, in an kira ta tana zuwa. Amma da launinta ko ƙahonta muke kiranta. Ban taɓa jin dabba da sunan ɗan Adam ba."

"To yau ka ji," in ji Mama, ta miƙa mata kwano.

Karen ya tashi lafiyayye, mai wayo, mai ɗan hali. Duk inda Mama ta sa ƙafa yana biye. In tana cire ciyawa a lambu yana kwance a bakin kunya. In ta tafi coci ya raka ta har bakin layin dogo, ya zauna nan sai an tashi. Tana yi masa magana yini guda, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da yarensu, tana yi masa faɗa, tana tambayarsa ko ya ƙoshi. Matar da ta zo mana ba ta haɗa jimla biyar a rana, sai ga shi gidan ya cika da muryarta.

Maigida bai taɓa kiran karen da sunan ba. "Kai!" yake ce masa, ko ya tafa hannu. Wata rana ya ce mini in gwada saba masa da wani suna a ɓoye, in Mama ta tafi taron zumuntar matan coci. Na yi sati biyu ina ajiye kan kifi, ina kiran "Bingo, Bingo." Karen ya cinye kan kifin duka, sunan kuwa ko kunne bai ɗaga masa ba.

A cocinmu akwai wani dattijon ikilisiya, mutumin wajen Zangon Kataf, wanda ya yi aikin akawu a tashar jirgi har ya yi ritaya. Baba Dattijo muke ce masa, amma kowa ya san sunansa Ɗanladi. Mutum ne mai kamun kai ƙwarai, ko ana zafi sai ya sa kwat, yana da agogon aljihu mai sarƙa, da shi yake auna tsawon wa'azin Fasto. Tsakaninsa da Mama an taɓa samun 'yar matsala. Ya gan ta tana shaƙar garin taba a bayan coci, ya yi mata faɗa a gaban mata, ita kuma ta dube shi sama da ƙasa ta wuce. Ba ya yawan shigowa unguwarmu, kuma ina jin duk wanda ya san zancen karen ya ji nauyin gaya masa.

Washegarin Kirsimeti ya zo mana gaisuwa. Muka zaunar da shi a falo a kan kujera mai kushin, na kawo masa shinkafa da naman akuya. Mama tana baya tana soya sauran naman, ba ta san an yi baƙo ba. Baba Dattijo ya yi addu'a, ya naɗe hannun kwat, ya zaɓi tsoka mai kyau. Yana kai ta baki ke nan sai muryar Mama ta tsage gidan.

"Ɗanladi! Ɓarawo! Ajiye naman nan! Mara kunya, kullum sai ka ji ƙanshin abinci kake zuwa!"

Har yau ina ganin yadda hannun mutumin nan ya tsaya a sama. A hankali ya mayar da naman cikin kwano. Kafin ɗayanmu ya buɗe baki, karen ya ratso falon da gudu da ƙafar akuya a baki, Mama na biye da muciya tana ci gaba da kiran sunan. Ta ga baƙo, ta tsaya, ta ce, "Sannu da zuwa," ta wuce ta bi karenta.

Baba Dattijo ya miƙe, ya saka maɓallan kwat ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa maigida, "Malam, na gode da abinci." Maigida ya bi shi har bakin titi yana ba shi haƙuri, bai juyo ba. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, ɗaki na shiga na danna fuskata a filo na yi dariya har hawaye.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ranar Lahadi matarsa ta ɗauke kai da na gaishe ta. Muka ji ya kai ƙara wurin Fasto, ya ce tsohuwar ta rama faɗan taba ne, ta mai da shi kare a gari, kuma ɗanta malamin makaranta yana gani ya yi shiru.

Da rana muna mayar da bencin da muka aro na biki, ni da maigida, kowa ya kama gefe ɗaya, na ce masa ni ban ga abin zafi ba, a gaya wa Baba gaskiya kawai, ran Lahadi aka tsinci kare. Ya ajiye gefensa a ƙasa a tsakiyar hanya.

"Kin san wane ne Ɗanladi?"

Na ce wanne daga ciki.

"Ƙanena. Ran Lahadi aka haife shi. A makaranta da coci da wurin soja, sunan baftisma aka sani. A gida Mama kaɗai ke kiransa haka, tun yana goye."

Na rasa inda zan sa idona. Na tuna yadda na tare shi a ƙofa ina dariya, na tuna kan kifin.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ta yaya zan buɗe baki in ce miki uwata ta sa wa kare sunan ƙanena?" Ya share fuska da hannu. "Duk lokacin da ta ce 'Ɗanladi, zo ka ci,' sai in ji kamar in juya in gan shi yana fitowa daga ɗaki. Wata nawa ke nan ina jin wannan kullum."

Ya ce ba zancen Baba Dattijo ne ya fi damunsa ba. Tsoronsa shi ne in gaskiya ta fito a ce Mama ta taɓu, ko kuma a ce ta gaskata kurwar ɗanta ta shiga jikin kare. A cocin wancan zamani irin wannan magana tana iya sa a hana mutum cin jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha masu tsarki da ake raba wa masu bi. Muka ɗauki bencin muka ci gaba.

Asabar ta bayan sabuwar shekara, da la'asar, Fasto ya zo tare da Baba Dattijo. Faston namu saurayi ne a lokacin, mai sanyin hali, ya girmi maigida da kaɗan. Na fito da kujeru ƙarƙashin gwaba. Mama ta zo da kujerarta 'yar tsugunno da tiren gyaɗa tana ɓarewa, karen ya kwanta a kan ƙafarta kamar shi ma an gayyace shi.

Bayan addu'a Baba Dattijo ya yi bayani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shekarunsa sun wuce a yi masa haka, ya ce jikokinsa sun dawo gida suna kuka don an ce musu kakansu ya saci ƙafar akuya. Ya ce in ya yi wa Mama laifi a kan zancen taba, ga Fasto, ta faɗa, amma a cire sunansa daga kan dabba. Da na ji zancen jikokin sai na ga mutumin yana da gaskiyarsa.

Maigida ya yi saurin cewa, "Baba, za mu canja. Ni na ɗauki alkawari."

"Kai yi shiru," in ji Mama. "Ba kai ka sa ba."

Ta ture tiren gefe. Da Hausa ta yi magana, don Fasto da Baba da ni duka ba ma jin yarensu.

"Baba, ni ban san sunanka ba sai ranar naman nan. Dattijo nake ji ana ce maka. Ni ina da nawa Ɗanladi. Na haife shi ran Lahadi, ana buga ƙararrawar coci. Ya tafi soja, bai dawo ba. Ba su ce mini ya mutu ba, ba su ce mini yana da rai ba. Shekara da shekaru sunan nan yana bakina, ba inda zan kai shi. In na kira a ƙauye, mutane su ce na haukace. In na kira a zuciya, ba mai amsawa. Da na ɗauko wannan abu a cikin katako, ina ba shi kunu, sunan ya fito da kansa. Na kira, ya ɗaga kai." Ta dubi karen. "Tun daga ranar, in na kira, wani abu yana zuwa. Shi ke nan. Ba da kai nake ba."

Maigida ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Can Fasto ya gyara murya, ya yi tambayar da aikinsa ya sa dole ya yi.

"Mama, ki yi haƙuri da ni. A zuciyarki, kina ganin ɗanki yana cikin karen nan?"

Mama ta dube shi kamar ya tambaye ta ko ruwa yana jiƙa mutum.

"Fasto, kare ne. Yana cin ƙazanta a bola. Ɗana in ya mutu yana hannun Allah, in yana da rai yana inda yake. Ni ba mahaukaci ba ne."

Fasto ya ce, "To, madalla," ya rufe Littafin da ya buɗe a kan cinyarsa.

Baba Dattijo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Da ya yi magana, ba zancen suna ya yi ba. Ya ce lokacin yaƙin yana aiki a tasha, kuma jiragen sojoji ta nan Kafanchan suke bi su nufi kudu. Ya ce yana tsayawa da takardunsa a bakin dandamali, yara matasa suna leƙowa ta taga suna neman ruwa, wasu suna waƙa, wasu suna ba shi wasiƙa ya jefa musu a gidan waya.

"Wataƙila ma na gan shi, Mama," ya ce. "Ban sani ba."

Mama ta matso da kujerarta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Suna ba su abinci a jirgin?"

"Suna ba su. Na ga burodi da idona. Matan tasha kuma suna miƙa musu ƙosai da rake, da yawa ba sa karɓar ko sisi."

"Yana son rake," in ji Mama. Ta gyaɗa kai sau biyu, ta jawo tirenta ta ci gaba da ɓare gyaɗa.

Ba a canja sunan ba. Abin da aka shirya shi ne Mama ta daina kiran karen a kan titi da bakin coci, in kuma Baba ya zo gidan a rufe shi a kicin. Sharaɗi na farko ta kiyaye shi rabi da rabi. Na biyu kuwa Baba da kansa ya karya, don zuwansa na gaba yana zama ya duba hagu da dama ya ce, "Ina takwarana?" Daga nan takwara yake ce masa har ƙarshe, wani lokaci ya zo masa da ƙashi a naɗe cikin tsohuwar jarida. Matarsa dai ba ta huce ba. Ta koma amsa gaisuwata, amma ba ta sake taka gidanmu ba, kuma na ji tana cewa ko mene ne dalili, ita mijinta ba kare ba ne. Ban ga laifinta sosai ba.

Bayan shekara uku na haifi ɗanmu na fari, bayan dogon jira da addu'a, kuma ranar Lahadi ya zo. Matan zumunta da suka zo barka tun daga ƙofa suka fara "Ina Ɗanladi?" sai su tuna, su dubi karen da ke kwance a inuwa. Maigida ya zauna da abin kwana biyu. A na uku ya sami Mama tana yi wa jaririn wanka, ya tsuguna kusa da ita. Ina zaune a bakin gado ina jinsu.

"Mama, ga yaro ya zo ran Lahadi. Ina so sunan ya dawo kan mutum. Karen mu nema masa wani."

Na san abin da yake nufi, na kuma yarda da shi. Na ɗauka Mama za ta yi murna. Ta ci gaba da zuba wa yaron ruwa a baya, sai da ta gama ta naɗe shi a tawul.

"A'a," ta ce. "Ku ba shi nasa."

"Me ya sa, Mama?"

"Kare in ya fita bai dawo ba, zan iya jurewa. Wannan in na kira shi da sunan nan, duk ranar da ya fita ƙofa zan tsaya a bakin hanya ina jiransa. Kuma kullum za ku riƙa dubansa kuna neman wani a fuskarsa. Ku bar yaro ya zama kansa."

Maigida bai yi gardama ba. Muka sa wa yaron wani suna, na hana matan unguwa yi masa laƙabin ranar haihuwa, har suka saba.

Karen ya shekara shida a gidanmu. Da wata damina, ranar da ban je aiki ba, Mama tana cire ciyawa a cikin kuɓewarta, shi kuma yana tone-tone a gindin shinge, maciji ya sare shi a wuya. Mama ta ɗauko shi a hannu, ga shi ƙato, ban san inda ta sami ƙarfin ba. Ta ɗura masa manja da wani ganye da ta daka, wuyan ya ci gaba da kumbura. Kafin a tashi daga makaranta ya mutu, kansa a kan cinyarta. Maigida ya dawo ya tarar, bai ko cire kayan aiki ba ya ɗauki fartanyar Mama ya haƙa rami a ƙarshen lambu. Ni da shi muka rufe. Mama tana tsaye, ba ta yi kuka ba. Da aka gama ta ce wa ɗanta, "Sannu," ta je ta wanke hannu.

Gidan ya yi tsit kwana da kwanaki. Wata maƙwabciya ta kawo mata ɗan kwikwiyo, ta ce ta gode, a mayar. Na fara jin tsoron za ta koma yadda ta zo mana.

Wata ranar Asabar muna zaune a tsakar gida muna tsince tsakuwa daga acca, jikanta yana barci a kan tabarma, sai ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Amarya, ka san ƙanen mijinka yana tsoron kaza?"

Na ce ban sani ba, Mama.

"Kaza fa. Yana da shekara huɗu wata mai 'ya'ya ta bi shi ta tsattsage masa ƙafa. Tun daga nan in ya ga kaza sai ya canja hanya. Har ya yi gemu. In za a yanka ta Kirsimeti, sai ya ce shi zai je ɗebo ruwa."

Ta ba ni labarinsa har rana ta karkata. Yadda yake cin tuwo da hagu in babansa ba ya nan. Yadda ya iya kwaikwayon muryar mai bishara na ƙauyensu har ya taɓa sa mata suka fito sujada ranar Talata. Maigida ya fito daga ɗaki da littattafan yara da yake dubawa, ya tsaya a bakin ƙofa yana ji, daga baya ya jawo benci ya zauna, ya ce ba ranar Talata ba ce, ranar Alhamis ce, don shi aka yi wa duka a kan abin. Suka yi ta musu a kan ranar, rabi da Hausa rabi da yarensu.

"Ranar da ya zo ya ce mini ya shiga soja," in ji Mama, "na ce masa, kai da kaza ke kora, wa za ka kora? Ya ce, Mama, ai an ce can babu kaji, duk an cinye."

Ta yi dariya har tiren ya karkace, acca ta zube a ƙasa. Muka durƙusa mu uku muna kwashewa.